Thaddeus Stevens da tambayar da ta biyo bayan 'yanta bayi a Amurka

Ranar 4 ga Disamba, 1865, majalisar wakilan Amurka ta yi zamanta na farko tun bayan ƙarewar yaƙin basasa. Jihohin kudancin ƙasar, waɗanda suka ɓalle suka shafe shekara 4 suna gwabzawa da gwamnatin tarayya don kare bauta, sun riga sun yi zaɓe sun turo wakilansu Washinton kamar ba abin da ya faru. Cikin waɗanda aka zaɓo akwai tsofaffin hafsoshin sojan tawaye da mutanen da suka riƙe muƙamai a gwamnatin 'yan aware. Da akawun majalisa, Edward McPherson, ya miƙe kiran suna, sai ya tsallake 'yan kudu kaf, har da Horace Maynard na Tennessee wanda kowa ya san bai taɓa bin 'yan tawaye ba. Maynard ya tashi yana neman a saurare shi, ba a ba shi dama ba. Da gangan aka yi. McPherson yaron wani dattijo ne a siyasa, mai shekara 73, mai ɗingishi, mai kaifin harshe, wakilin Lancaster ta jihar Pensilbaniya, kuma tun kafin a shiga zauren aka kitsa abin da shi. Sunansa Thaddeus Stevens.

Wani zai ce ramuwar gayya ce ta wanda ya ci yaƙi. Akwai fushi a ciki, ba shakka, amma akwai lissafi, kuma sai an gane lissafin nan ake gane mutumin. Kundin tsarin mulkin Amurka na 1787 ya raba kujerun majalisar wakilai bisa yawan jama'ar kowace jiha. Da aka zo kan bayi sai aka yi ciniki tsakanin arewa da kudu: duk bayi 5 a ƙirga su a matsayin mutum 3. Bawa ba ya jefa ƙuri'a, amma kansa yana ƙara wa ubangijinsa kujeru a majalisa da ƙarfi wajen zaɓen shugaban ƙasa. To ga shi an soke bauta. Mutum kusan miliyan 4 da ake ƙirgawa uku cikin biyar, yanzu za a ƙirga su cikakku. In kuma ba a ba su ƙuri'a ba, wa zai ci ribar? Waɗanda suka tayar da yaƙin. Kudu za ta sha kashi a fagen daga, sannan ta dawo majalisa da kujerun da suka fi na da, ta haɗa kai da 'yan Dimokurat na arewa, su warware duk abin da aka ɗaura da jinin mutum sama da 600,000. A tuna, a wancan zamani jam'iyyar Rifablikan ce ta Abraham Lincoln da masu adawa da bauta, Dimokurat kuwa ita ce gidan masu gonakin kudu. Wanda ya auna su da ma'aunin yau zai ruɗe.

Stevens ya san cewa muddin aka buɗe wa kudu ƙofa a ranar nan, magana ta ƙare. Shi ya sa ya rufe ta tukuna, sannan ya nemi a kafa kwamitin haɗin gwiwa na mutum 15 daga majalisun biyu, wanda zai tsara sharuɗɗan dawowar jihohin.

An haife shi ranar 4 ga Afrilu, 1792, a Danville ta jihar Vermont, da lanƙwasasshiyar ƙafa. Mahaifinsa, mai ɗinkin takalma, ya gudu ya bar iyali. Mahaifiyarsa Sarah ce ta yi faɗi-tashi, tana aikatau da jinyar marasa lafiya, har ta ga ya yi karatu. Ya gama kwalejin Dartmouth a 1814, ya koma Pensilbaniya ya yi koyarwa a garin York yana karatun lauya a gefe, a 1816 kuma ya buɗe ofishi a Gettysburg. Garin na dab da iyakar Maryland, jihar da ake bauta. Wanda ya zauna a nan yana ganin abin da ɗan Vermont sai dai ya ji labari: bayi masu gudu, da masu farautarsu, da shari'o'in da suke haifarwa.

A ɗaya daga cikin shari'o'in nan ne ya yi abin da masu yabonsa ba su cika son ambata ba. A 1821 wata baiwa mai suna Charity Butler ta nemi kotu ta 'yanta ta ita da 'ya'yanta. Dokar Pensilbaniya ta 1780 ta ce duk bawan da aka shigo da shi jihar ya zauna wata 6, ya zama ɗa. An sha kawo Charity jihar ana mayar da ita Maryland, kuma in an haɗa kwanakin sun haura wata 6. Stevens ya tsaya wa masu ita. Ya ce dokar na nufin zama a jere ba yankewa. Kotun ƙolin jihar ta yarda da shi, Charity da 'ya'yanta suka ci gaba da zama bayi. Ƙwarewarsa ce ta mayar da mace da yaranta cikin ƙangi, kuma ba wata hanyar da za a faɗi wannan ta yi daɗin ji. Bayan haka ne aka ga ya juya, ya zama lauyan da bayi masu gudu ke samu ba tare da sun biya ko sisi ba.

Ya shiga majalisar jiha a 1833. A 1834 Pensilbaniya ta yi dokar makarantun gwamnati kyauta, amma masu biyan haraji suka yi caa, dubban mutane suka sa hannu a takardun neman a soke ta. Majalisar dattawan jihar ta amince a koma tsohon tsari, inda kyauta ta 'ya'yan matalauta ce kawai, kuma sai uba ya bayyana kansa a matsayin fakiri kafin a karɓi ɗansa. A watan Afrilu na 1835 Stevens ya miƙe ya yi jawabin da ya juya majalisar wakilai. Hujjarsa ita ce ƙasar da jama'a ke zaɓen shugabanninta ba ta da zaɓi sai ta ilmantar da masu zaɓen, kuma tsarin da ke liƙa wa yaro tambarin talauci a ƙofar aji horo ne a kan laifin da bai aikata ba. Dokar ta tsira. Wanda ya tashi a hannun uwar da ta yi aikatau don kuɗin makaranta ya san abin da yake faɗa. Shekara 3 bayan haka, da aka sake rubuta tsarin mulkin jihar aka keɓe ƙuri'a ga fararen fata kawai, ya ƙi sa hannu a kai.

Ba waliyyi ba ne. Ya ɓata shekaru yana yaƙi da ƙungiyar asiri ta Mason da zafin da ya wuce kima. Yana caca. Abokan hamayya sun zarge shi da karkatar da layin dogon da jiha ke ginawa don ya bi ta kusa da masana'antarsa ta narka ƙarfe, har suka laƙaba wa layin sunan tsutsar ciki saboda lanƙwashe-lanƙwashensa. Bashin da masana'antar ta jawo masa na cikin dalilan komawarsa Lancaster a 1842, inda aikin lauya ya fi tsoka. Bai taɓa aure ba. Wata bazawara mai jinin baƙar fata, Lydia Hamilton Smith, ta riƙe masa gida kusan shekara 20, yana girmama ta a gaban baƙi irin girmamawar da fararen zamanin ba sa yi wa irinta, abokan gaba kuwa suka mai da wannan abin yi masa gori har ya mutu.

An zaɓe shi majalisar tarayya a 1848, ya yi adawa da dokar kamo bayi masu gudu ta 1850, wadda ta tilasta wa 'yan arewa taimaka wa masu farauta. A watan Satumba na 1851 wani mai bayi daga Maryland, Edward Gorsuch, ya zo ƙauyen Christiana kamo mutanensa, baƙaƙen yankin suka yi tirjiya, aka kashe shi. Gwamnati ta tuhumi mutum 38 da cin amanar ƙasa. Stevens na cikin lauyoyin da suka kare wanda aka fara gurfanarwa, wani farin fata mai injin niƙa da ake kira Castner Hanway. Masu taya alƙali yanke hukunci ba su ɗauki fiye da kusan minti 15 ba suka wanke shi, sauran tuhume-tuhumen kuma suka ruguje.

Lokacin yaƙi yana shugabantar kwamitin kuɗi na majalisar wakilai. Ta hannunsa aka bi da harajin kuɗin shiga na farko a tarihin tarayyar, da dokar 1862 da ta ba gwamnati ikon buga takardun kuɗi. Ya matsa wa Lincoln lamba kan a 'yanta bayi a kuma ɗauke su soja tun shugaban yana ɗari-ɗari. 'Yan tawaye sun san shi sarai: a watan Yuni na 1863, kwanaki kaɗan kafin yaƙin Gettysburg, sojojin Janar Jubal Early suka ƙone masana'antarsa ta Caledonia. Ranar 31 ga Janairu, 1865, majalisar wakilai ta amince da gyara na 13 ga tsarin mulki, wanda ya haramta bauta, da ƙuri'a 119 da 56.

Mutane da yawa a arewa sun ɗauka aiki ya ƙare a nan. Stevens yana ganin an kashe maciji ne ba a sare kansa ba, kuma watannin da suka biyo baya sun gaskata shi. An harbi Lincoln ranar 14 ga Afrilu, 1865, mataimakinsa Andrew Johnson ya hau. Johnson ɗan Tennessee ne, tela ne a da, ya tsani manyan masu gonaki amma ba ya ƙaunar baƙaƙe ko kaɗan. Majalisa na hutu, sai ya ci karensa ba babbaka. Ya rarraba afuwa ga dubban 'yan tawaye, ya mayar musu da gonakinsu, ya bar jihohin suka kafa gwamnatoci na farare zalla. Gwamnatocin nan, Misisipi a gaba, suka yi dokoki na musamman kan baƙaƙe. Wanda ba shi da takardar kwangilar aiki ta shekara, ɗan zaman kashe wando ne a idon doka, a ci shi tara, in bai biya ba a yi hayarsa ga wanda ya biya masa. Wanda ya bar aiki kafin wa'adi, a kamo shi, ya kuma rasa ladan da ya riga ya yi wa aiki. Yaran da aka ce iyayensu ba sa iya riƙe su, a ba da su koyon sana'a, tsohon ubangijinsu ne kuma ke da fifikon ɗauka. A farkon 1866 Jojiya ta zaɓi Alexander Stephens, mataimakin shugaban gwamnatin tawaye, a matsayin sanata.

Amsar Stevens ta tsaya kan wata hujja ta lauya. Johnson na cewa jihohin ba su taɓa fita daga tarayya ba tunda ɓallewa haramun ce, saboda haka haƙƙoƙinsu na nan daram. Stevens ya ce sun fita da ƙafarsu, sun kafa gwamnati, sun yi yaƙi, an ci su. Matsayinsu yanzu na yankunan da aka ci da yaƙi ne, kuma majalisa ce, ba shugaban ƙasa ba, ke da ikon faɗin yadda za su dawo. Abokan aikinsa da yawa ba su yarda da kalaman ba, amma a aikace hanyarsa aka bi.

Inda ya fi kowa hangen nesa, inda kuma ya sha kaye, shi ne batun ƙasa. A watan Satumba na 1865, a wani jawabi a Lancaster, ya kawo lissafi. Ya ce manyan 'yan tawaye kimanin 70,000 na riƙe da filayen da, in an haɗa da na gwamnatocin jihohin, sun kai eka miliyan 394. A ƙwace su. A ba kowane magidanci da aka 'yanta eka 40, wato kadada 16 ke nan, sauran a sayar a biya bashin yaƙi da fanshon sojoji da iyalan waɗanda suka mutu. Ya ce kashi 9 cikin 10 na fararen kudu abin ba zai taɓa su ba. Hujjarsa mai sauƙi ce. Mutanen nan su da kakanninsu suka share dajin, suka noma audugar shekara da shekaru ba a biya su ba. In aka sake su hannu rabbana, ba gida ba gona, gobe da safe wajen wa za su je neman aiki? Wajen wanda ya mallake su jiya. Kuma wanda abincinsa da makwancinsa ke hannun wani, ƙuri'arsa ma na hannun wannan mutumin.

An ma riga an gwada abin. A watan Janairu na 1865 Janar William Sherman ya ba da umarnin ware filayen bakin teku na Karolina ta Kudu da Jojiya da Fulorida ga waɗanda aka 'yanta, kuma kimanin mutum 40,000 sun zauna a kai sun yi shuka. Kafin shekarar ta fita Johnson ya sa aka fara mayar da filayen ga tsofaffin masu su. Stevens ya kai ƙudurin ƙwace filaye majalisa a watan Maris na 1867, bai samu goyon baya ba ko a cikin jam'iyyarsa. 'Yan Rifablikan da yawa sun yarda a ba baƙar fata daidaito a gaban doka, har ma ƙuri'a, amma taɓa dukiyar wani ya tsorata su. Suna tunanin in aka fara raba gonaki a kudu, wata rana ma'aikatan masana'antun arewa za su zo da irin wannan buƙata. Masu masaƙu kuma auduga suke so, da arha, da wuri. A ganina wannan ne babban kuskuren zamanin, kuma Stevens na cikin ƙalilan da suka ambace shi da sunansa tun yana faruwa.

Da ya rasa wannan, sai ya zuba ƙarfinsa kan tsarin mulki. Gyara na 14 daga kwamitin nan na mutum 15 ya fito, Stevens ne kuma ya ja shi a majalisar wakilai. Ba shi kaɗai ya rubuta shi ba. John Bingham na Ohayo ne ya tsara kalaman da suka hana kowace jiha tauye wa mutum rai ko 'yanci ko dukiya ba bisa ƙa'idar shari'a ba, ko hana shi kariyar doka daidai da kowa. Majalisar dattawa ce ta ƙara jimlar farko, wadda ta ce duk wanda aka haifa a Amurka, yana ƙarƙashin ikonta, ɗan ƙasa ne. Jimlar nan ce har yau ke ba jaririn baƙuwar da ta haihu a can takardar zama ɗan ƙasa, ita ce kuma Shugaba Donald Trump ya nemi taƙaitawa da umarnin da ya sa wa hannu a Janairun 2025, aka tafi kotu. Sashe na biyu ya koma kan lissafin nan na kujeru: jihar da ta hana maza baligai ƙuri'a za a rage mata wakilai gwargwadon waɗanda ta hana. Wani sashe ya hana waɗanda suka karya rantsuwarsu suka shiga tawaye riƙe muƙami, wani kuma ya haramta biyan bashin gwamnatin tawaye ko biyan diyya ga masu bayi.

Stevens bai gamsu ba. Gyaran bai ba baƙar fata ƙuri'a kai tsaye ba, majalisar dattawa kuma ta sassauta hukuncin 'yan tawaye. A jawabinsa na 13 ga Yuni, 1866, ya faɗa a fili cewa abin ya gaza burinsa nesa ba kusa ba, amma zai karɓa domin cikin mutane yake zaune, ba cikin mala'iku ba. Masu kiransa mai taurin kai sukan manta da wannan. Yana neman abu duka, yana faɗa a kai har ƙarshe, in ya ga rabi ne zai samu sai ya karɓi rabin ya koma neman sauran.

Johnson ya zuga jihohin kudu suka ƙi gyaran, in ban da Tennessee. A shekarar ne aka yi wa baƙaƙe kisan gilla a Memphis da New Orleans, 'yan sanda na cikin masu kisan. Masu zaɓe a arewa suka fusata, suka ba Rifablikan rinjayen da ya haura kashi biyu cikin uku, wanda ke iya tsallake ƙin amincewar shugaban ƙasa. A watan Maris na 1867 majalisa ta raba jihohi 10 zuwa yankunan soja 5, ta ce ba mai dawowa sai ta rubuta sabon tsarin mulki da ƙuri'ar maza baƙaƙe da farare, ta kuma amince da gyara na 14. A watan Yuli na 1868 gyaran ya zama doka.

Saura Johnson, wanda ke amfani da ikonsa na babban kwamanda yana cire janar-janar ɗin da ke aiwatar da dokokin da gaske. Majalisa ta yi dokar hana shi korar manyan jami'ai ba da izinin dattawa ba. Ya kori sakataren yaƙi Edwin Stanton, ranar 24 ga Fabrairu, 1868 kuma majalisar wakilai ta tuhume shi da ƙuri'a 126 da 47, karo na farko da aka yi wa shugaban Amurka haka. Stevens na cikin masu gabatar da ƙara, amma jiki ya riga ya ƙi. A kan kujera ake ɗaukarsa a shigar da shi zauren, kuma bai iya ƙarasa karanta jawabinsa ba sai da abokin aikinsa cikin masu gabatar da ƙarar, Benjamin Butler, ya karɓa. Ranar 16 ga Mayu dattawa 35 suka ce a tsige, 19 suka ce a'a. Ana buƙatar 36. Gaskiya ita ce dokar da aka kafa tuhumar a kanta ba ta da ƙwari, an soke ta a 1887, kotun ƙoli ma a 1926 ta nuna ta saɓa wa tsarin mulki. Laifin Johnson na ainihi shi ne yi wa dokokin ƙasa zagon ƙasa da barin waɗanda aka 'yanta a hannun masu kashe su, kuma wannan ya fi wuyar rubutawa a takardar tuhuma.

Stevens ya mutu a Washinton ranar 11 ga Agusta, 1868, yana da shekara 76. Sojoji baƙaƙe ne suka yi gadin gawarsa a ginin majalisa. Ya zaɓi a binne shi a wata ƙaramar maƙabarta a Lancaster, ya kuma sa aka rubuta dalili a kan dutsen kabarin: sauran maƙabartun suna ware mutane bisa launin fata, shi kuwa yana so mutuwarsa ta nuna abin da ya yi rayuwarsa yana karewa, daidaiton ɗan Adam a gaban Mahaliccinsa. Dukiyar da ya bari don makarantar marayu wadda ba ta duba launi ita ce tushen kwalejin koyon sana'a da ke ɗauke da sunansa a Lancaster, wadda aka kafa a 1905.

Abin da ya biyo baya ya bi hanyar da ya ji tsoro. Gyara na 15 ya hana tauye ƙuri'a saboda launin fata a 1870, a shekarar kuma Hiram Revels na Misisipi ya zama baƙar fata na farko a majalisar dattawa. Ɗaruruwan baƙaƙe sun riƙe muƙamai a kudu. Amma yawancin masu zaɓensu suna noma ne a gonar wani, mai gona ya ba da fili da iri da bashin abinci, in kaka ta yi a raba amfanin, shi ne kuma ke riƙe da littafin lissafi, shekara ta zagayo manomi na cikin bashi. 'Yan ta'addar Ku Klux Klan suka ɗauki nasu ɓangaren da bulala da bindiga. A 1877 gwamnatin tarayya ta janye hannunta daga kudu. Daga 1890 jihohin suka fito da harajin ƙuri'a da jarrabawar karatu suka share baƙaƙe daga rajista, kuma ba a taɓa rage wa ko jiha ɗaya kujera ba kamar yadda sashe na biyu na gyara na 14 ya tanada. A 1896 kotun ƙoli ta halatta wariya. Sai a 1954 ta dawo ta dogara da gyara na 14 ta haramta wariya a makarantun gwamnati, dokar kare haƙƙin zaɓe kuwa sai 1965.

A ƙarshen watan Agusta na 1962, shekara 97 bayan jawabin Lancaster, wata mata mai suna Fannie Lou Hamer ta je yin rajistar zaɓe a gundumar Sunflower ta Misisipi. Shekara 18 tana aiki a gonar auduga ta wani farin fata, a cikin gonar kuma gidanta yake. Da ta dawo, mai gonar ya ce ko ta janye sunanta ko ta tattara ta bar masa wuri. Ta ƙi janyewa, a daren ta bar gidan.